Shin taswirar duwatsu da hoton rafuka sun isa a gane ajin ƙasa ba tare da an haƙa rami ba?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana da taswirar duwatsun wani yanki, kana kuma da hoton tauraron ɗan'adam da ke nuna yadda rafuka suka ratsa shi, shin waɗannan biyun sun isa ka faɗi irin ƙasar da ke wurin da ajinta, ko kuwa dole sai ka ɗauki diga da shebur. Ka kuma ce tun farko ma baka gane me ya haɗa siffar kogi da rabe-raben ƙasa ba.

Toh gaskiya zasu kai ka nesa sosai, har su nuna maka inda ya kamata ka haƙa da abin da zaka sa ran gani, amma sunan ƙasar kam sai ka ga cikinta da idonka. Dalili kuwa shine ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi yanke hukunci a ajin ƙasa shine tsawon lokacin da ruwa yake zama a cikinta kowace shekara da zurfin da yake zama, shi kuwa wannan dutse da rafi ishara kawai suke yi maka a kansa.

Bari in fara raba maka abu biyu da ɗalibai suke yawan haɗewa. Akwai tsarin magudanan ruwa na sarari, wato siffar da rafuka da ƙoramu suke zanawa in ka kalle su daga sama. Akwai kuma tsanewar ruwa a cikin ita ƙasar kanta, wato in an yi ruwan sama, kwana nawa yake ɗauka kafin ya nutse ya bar wa iska wuri. Na farkon labarin dutse yake ba ka, na biyun shi ne yake shiga cikin sunan ƙasa kai tsaye. Binciken da kake tambaya a kai duk ƙoƙari ne na gina gada tsakanin waɗannan biyun.

Shi ruwa ba ya zaɓar hanya haka kawai, inda dutse ya yi rauni nan yake bi. In dutsen yanki iri ɗaya ne ko'ina, ƙarfinsa ɗaya, babu tsaga mai rinjaye, sai rafuka su yi rassa ta kowane ɓangare suna haɗuwa a karkace, wannan shine tsari mai rassa kuma shi ya fi yawa a duniya. In kuma duwatsun shimfiɗe suke hawa-hawa, mai tauri da mai taushi, sannan motsin ƙasa ya lanƙwasa su, sai manyan rafuka su miƙe a kan mai taushin suna tafiya a jere, ƙanana kuma su gangaro daga tsaunukan mai taurin su faɗa musu a giciye, kamar yadda ake gani a tsaunukan Afalaciya na gabashin Amurka. Inda dutse ya tsattsage a miƙe, rafi zai riƙa karya kwana kwatsam yana yin kusurwa. A kan dutse mai aman wuta irin Kilimanjaro ko Fuji ruwan bazuwa yake yi daga ƙololuwa zuwa kowace kusurwa, a kwarin da ba shi da mafita zuwa teku irin na Tafkin Chadi ko Tafkin Eyre na Ostareliya kuma taruwa yake yi a tsakiya. Sai birkitaccen tsari na wuraren da ƙanƙara ta taɓa rufewa, irin Kanada da Finlan, tafkuna barkatai, rafi ya shiga nan ya fita can ba kai ba gindi, saboda ƙanƙarar ta janye ne shekaru dubu goma sha kaɗan da suka wuce kuma ruwan bai gama shirya wa kansa hanya ba. Emilie Zernitz ta tsara waɗannan siffofi a 1932, Arthur Howard kuma ya faɗaɗa su a 1967 don masu fassara hotunan sama.

Ni dai a wajena siffar ba ta kai yawan rafukan amfani ba. Robert Horton, a rubuce-rubucensa na 1932 da 1945, ya kawo wani awo mai sauƙi: ka haɗa tsawon duk rafukan da ke cikin kwarin kogi ɗaya, ka raba da faɗin kwarin, sai ka samu kilomita nawa na rafi ke cikin kowace murabba'in kilomita. In lambar ta yi ƙasa, ruwan saman nutsewa yake yi, ba ya tsayawa ya yanka hanya, kenan abin da ke ƙarƙashi yana shan ruwa, yashi ne ko dutsen yashi ko dutsen farar ƙasa. In lambar ta yi sama, rafuka sun yi cunkus kusa da juna, ruwan gudu yake a sarari saboda ya rasa ƙofar shiga, sai ka yi zargin dutsen laka ko yumɓu mai toshewa. Ka duba arewacin Yukatan a Meziko, dutsen farar ƙasa ne ya narke ya yi ramuka, ana ruwan sama amma kusan babu kogi ko ɗaya a sarari, duk ya koma ƙarƙashi. Haka tudun allin kudancin Ingila, kwaruruka ne busassu birjik. Sai dai ka kula, yawan ruwan sama da ciyayi da tsayin gangare suma suna taɓa wannan lamba, saboda haka kada ka gwada yankin hamada da yankin kurmi ka ce bambancin daga dutse ne, gwaji yana yin ma'ana ne tsakanin kwaruruka masu yanayi ɗaya.

Yanzu kuma shi dutsen me yake bai wa ƙasa? Kayan gini yake bata. Dutsen giranit cike yake da kwaz, wato ma'adini mai tauri da ke zama yashi, wanda ruwa ba ya iya narkarwa da sauƙi, to in ya ruɓe sai ya bar ƙasa mai yashi da tsakuwa, abincin shuka kaɗan, tsami na saurin kama ta. Basalt kuwa, wato baƙin dutsen aman wuta, kusan babu kwaz a cikinsa, silikarsa wajen kashi 45 zuwa 52 ne cikin ɗari, ga ƙarfe ga kalsiyom ga magniziyom, in ya ruɓe kusan gaba ɗayansa yumɓu yake zama. Dutsen yashi yashi yake haifarwa, dutsen laka laka. Har nan abin ya yi kama da lissafi mai sauƙi, kuma da haka masanan farko suka ɗauke shi, suna kiran ƙasa da sunan dutsen da ke ƙarƙashinta. Vasily Dokuchaev ne ya rushe wannan a 1883 da bincikensa a kan baƙar ƙasar Rasha, ya nuna cewa ƙasa halitta ce mai zaman kanta da yanayi da tsirrai da shimfiɗar wuri da lokaci suka haɗu da dutse suka yi. Hans Jenny a 1941 ya mayar da abin lissafi mai abubuwa biyar, dutse ɗaya ne kawai a cikinsu.

Misalin da nake so ka riƙe shine na basalt ɗin nan. A tudun Dekan na Indiya, inda aman wuta ya malala wajen shekaru miliyan 66 da suka wuce, basalt ya ba da baƙar ƙasa mai danƙo, da rani ta daddare har ka zura hannu a tsagarta, da damina ta kumbura ta toshe, ita ce suke noman auduga a kai. A kudancin Burazil, yankin Parana da Sawo Fawulo, shima basalt ne, amma ƙasar da ya bayar ja ce wur, mai zurfi, mai laushi, ruwa na wucewa cikinta salin alin, ita ta ɗauki gonakin kofi. Dutse iri ɗaya, ajin ƙasa biyu da ba su ko kama hanyar juna ba. Abin da ya raba su ruwa ne. Inda ruwa ke da yawa kuma yana ratsawa ya fita, yana wanke silika da kalsiyom da magniziyom ya tafi da su, sai ya bar yumɓun kawolinait wanda ba ya kumbura, da tsatsar ƙarfe wadda ke ba da jan launi. Inda ruwan bai isa wankewa ba, ko yana zuwa ya tsaya ya ƙafe a wurin, silikar da magniziyom ɗin suna nan ba su je ko'ina ba, sai su haɗu su gina yumɓun simektait mai shan ruwa ya kumbura. Wannan baƙar ƙasa mai kumbura ce ake kira Batisol, kuma sharaɗinta a rabe-rabe shine yumɓu ya kai kashi 30 cikin ɗari ko fiye, ga tsagewa da rani, ga alamun sulɓi a ciki inda ɓangarorin ƙasar suka goga juna.

Abin da yafi burge ni shine ba sai ka tsallaka teku zaka ga wannan ba, a gangare ɗaya ma yana faruwa, ja a kan tudu baƙa a kwari, tazarar da zaka taka da ƙafa. Geoffrey Milne ne ya fara rubuta wannan yadda ya kamata a 1935 lokacin yana aiki a tashar bincike ta Amani a Tanganyika. Yana son zana taswirar ƙasar gabashin Afirka sai ya tarar ƙasar tana canzawa daga kan tudu zuwa kwari fiye da yadda taswira zata iya ɗauka, amma canjin maimaita kansa yake yi, kowane tudu da kwarinsa jeri ɗaya. Sai ya ce to a zana jerin gaba ɗaya a matsayin abu guda, ya kira shi katena. Ya ma lura cewa iri biyu ne, akwai wanda dutse ɗaya ne daga sama har ƙasa bambancin duk daga ruwa da zaizaya ne, akwai kuma wanda gangaren ya yanka duwatsu daban-daban. Kaga a nan ne rafukanka suke shigowa, domin rafi shi ne ƙarshen kowace katena. In rafuka sun yi nisa da juna, tuddan zasu yi faɗi, jerin zai miƙe a hankali, ƙasa mai zurfi zata samu wurin zama. In sun matsu da juna, gangare zai yi gajere ya yi tsaye, zaizaya tana kwashe ƙasar kafin ta girma, sai ka samu ƙasa marar zurfi a sama da tarin abin da aka kwaso a gindi. A tsari mai jeri da giciye kuwa ƙasar ma layi-layi take fitowa, mai duwatsu da tsami a kan tsaunin dutsen yashi, mai yumɓu da albarka a kwarin dutsen farar ƙasa.

Toh in ka haƙa ramin me zaka duba? Launi ne farko. Ƙarfen da ke cikin ƙasa in yana samun iska tsatsa yake yi, ja in hematait ne, rawaya ko ruwan ƙasa in gotait ne. Da ruwa ya cika ƙofofin ƙasa ya zauna, ƙwayoyin bakteriya zasu cinye iskar oksijin da ta rage, sai su koma kan ƙarfen, su juya shi zuwa nau'in da ke narkewa a ruwa, ya tashi ya bar wurin fari-fari ko toka-toka. Inda iska ta sake shiga, ta ramin saiwa ko ta tsaga, sai ya sake yin tsatsa ya zauna ɗigo-ɗigo. Shi yasa ƙasar da ruwa ke hawa yana sauka a cikinta take yin dabbare-dabbare, wadda ruwa ba ya barinta kuma take yin toka har da shuɗi-shuɗi. Ana auna wannan da littafin launi na Munsell, kuma ƙa'idar da aka fi aiki da ita ita ce ƙarfin launi 2 ko ƙasa da haka alama ce ta zaman ruwa. Zurfin da ka fara ganin wannan tokar shi ke faɗa maka matakin tsanewar ƙasar, wanda Ma'aikatar Gona ta Amurka ta kasa gida 7, daga wadda ruwa ke zurarewa fiye da kima har zuwa wadda kusan kullum a jiƙe take.

Kuma wannan yana shiga sunan ƙasa kai tsaye. Tsarin rabe-raben Amurka da aka buga a 1975, wanda yanzu yake da manyan rukunai 12, yana saka alamar ruwa tun a mataki na biyu, ƙasar da zaman ruwa ya bayyana a sashenta na sama, wajen santimita 50 na farko, ana manna wa sunanta "akwa" a gaba, wato alamar ruwa, a yawancin rukunan. Tsarin rabe-raben ƙasa na duniya da ake kira WRB da ya fito a 1998, mai rukunai 32 a yanzu, ya ma fi fito da abin fili, ya ware Gilesol ga ƙasar da ruwan ƙarƙashi ke tasowa ya jiƙa ta daga ƙasa, ya ware Istagnosol ga wadda ruwan sama ne ke sauka ya tarar da wani hawa mai toshewa ya tsaya a kansa. Wannan bambancin yana da nauyi ƙwarai a aikace, ta farkon a kwari take kusa da rafi kuma hoton sama zai iya nuna maka ita, ta biyun kuwa tana iya zama a kan tudu shimfiɗaɗɗe nesa da kowane rafi, babu abin da zai tona ta sai rami. Ita ma marmara ɗiyar wannan hawa da saukan ruwa ce, ƙarfen da aka wanko daga sama yake taruwa a inda ruwan ƙarƙashi ke kai-komo, yana da taushi muddin yana binne, da zarar ya fito sarari ya jiƙe ya bushe sau da yawa sai ya ƙeƙashe ba ya komawa.

Yanzu ga wuraren da taswirorin naka zasu yaudare ka, kuma ina roƙonka ka ɗauke su da muhimmanci. Ƙasa da yawa a duniya ba daga dutsen da ke ƙarƙashinta ta fito ba. Filin Jazira na Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, baƙar ƙasa ce mai tsagewa, amma yumɓun daga duwatsun aman wuta na Habasha kogi ya ɗauko shi. Tudun Lowes na Sin ƙura ce da iska ta tara, a wasu wuraren kaurinta ya haura mita 100, dutsen da ke ƙarƙashi ba shi da ta cewa. Arewacin jihar Ayowa a Amurka tarkacen da ƙanƙara ta ture ne, ƙasa baƙa mai albarka amma cike da ƙananan kwaruruka marasa mafita, sai da aka binne bututun tsane ruwa kafin ta zama gonar masara. Har jar ƙasar da ke kan dutsen farar ƙasa a kewayen Bahar Rum, bincike ya nuna akwai ƙurar Sahara a cikinta. Taswirar duwatsu kuwa sau da yawa tsallake wannan mayafin na sama take yi ta nuna maka abin da ke can ƙarƙashi. Ga kuma matsalar ma'auni, a taswira mai 1:250,000 santimita ɗaya kilomita biyu da rabi ce, katena guda sukutum tana iya ɓacewa a cikinta.

Shima rafi yana iya ɗauke da tsohon labari. Akwai kogunan da suka samu siffarsu a kan wani dutse da zaizaya ta riga ta cinye, suka sauko kan na ƙarƙashi suka ci gaba da bin tsohuwar hanya, akwai kuma waɗanda suka girmi tsaunin da suke ratsawa, irin Indus da Birahmaputira da suka yanka Himalaya yana tasowa. Launi ma haka, dabbaren da ka gani zai iya zama na zamanin da wurin yake da ruwa, rafi ya riga ya zurfafa ya tsane shi tuntuni amma tabon bai goge ba. Akasin haka ma na faruwa, ƙasar da ta fito daga wasu jajayen duwatsun laka tana iya jiƙewa wata da watanni ta ƙi sakin janta. Don haka mai bincike na gaske yana kafa bututun auna ruwa ya riƙa dubawa damina da rani, ko ya ɗiga maganin difiridil a kan sabon ɓantaren ƙasa, in ya yi ja to narkakken ƙarfe na nan, zaman ruwan na yanzu ne.

Abu ɗaya da zai taimake ka wajen auna yadda zaka yarda da taswirar duwatsu shine shekarun shimfiɗar wurin. A kan sabon wuri, gangaren tsauni ko tokar aman wuta ko inda ƙanƙara ta janye kwanan nan, ƙasa tana kama da dutsenta sosai, taswirar zata yi maka aiki. A kan tsohuwar shimfiɗa mai zafi da ruwa, irin tsakiyar Burazil ko kwarin Kwango, wanki na miliyoyin shekaru ya sa duwatsu daban-daban sun ƙare a abu kusan ɗaya, kawolinait da tsatsa da kwaz, a nan matsayin wuri a gangare ya fi sunan dutse faɗa maka gaskiya.

Binciken zamani bai bar wannan tunani ba, kwamfuta kawai ya ba shi. Keith Beven da Mike Kirkby a 1979 sun kawo lissafin da ke haɗa faɗin wurin da ke zubo wa wani gurbi ruwa da tsananin gangarensa, don a yi hasashen inda zai riƙa jiƙewa. Awon tudu da kwari na duniya da kumbon Amurka ya ɗauko da rada a shekarar 2000, wanda yanzu ake samunsa a kan mita 30, ya sa kowa zai iya fitar da rafuka da gangare a kwamfutarsa. Alex McBratney da abokan aikinsa a 2003 sun sabunta lissafin Jenny don zana taswirar ƙasa da na'ura, cibiyar ISRIC da ke Wageningen a Holan kuma ta fitar da taswirar ƙasa ta duniya mai suna SoilGrids a kan mita 250. A Birtaniya ma an bi hanyar ta baya, a 1995 aka kasa ire-iren ƙasarsu gida 29 bisa yadda ruwa ke bi ta cikinta da cikin dutsen da ke ƙarƙashi, don a yi hasashen yadda koguna zasu cika. Duk waɗannan da bayanan ramukan da mutane suka haƙa ake koya wa na'urar, inda ramuka suka yi ƙaranci hasashen ma rauni yake yi, komai kyan launin taswirar.

Saboda haka ga yadda zan so ka yi da abin da ke hannunka. Ɗora rafukan a kan taswirar duwatsun, ka ware yankin gida-gida inda dutse da yawan rafuka suka yi kama, ka duba ko iyakar da rafuka suka nuna ta dace da iyakar dutse, in bata dace ba to akwai wani abu shimfiɗe a sama da taswirar bata faɗa ba, ka sa alama a wurin. A kowane gida ka zaɓi gangare ɗaya ko biyu ka bi su a miƙe daga kan tudu zuwa bakin rafi, kada ka bi gefen hanya don sauƙi, ka haƙa a ƙololuwa da kafaɗar tudu da tsakiyar gangare da gindinsa da cikin fadama, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu in dutse bai tare ka ba, tsakanin ramukan kuma ka riƙa huda da oga, wato ƙarfen huda ƙasa, don ka kama daidai inda canjin yake faruwa. A kowane rami ka rubuta zurfin da toka ta fara, ka duba tsakuwar ciki ko irin dutsen wurin ce ko baƙuwa ce, mulmulalliyar tsakuwa a kan tudu tana nufin ruwa ne ya kawo ta. In kuma yankin naka bakin teku ne ko tsohuwar fadamar ruwan gishiri, ka auna pH, wato ƙarfin tsami, na lakar da zarar ka fito da ita, ka sake aunawa bayan ta sha iska makonni, domin laka mai sinadarin fairait tana nan lafiya muddin ruwa ya rufe ta, ana tsane ta sai ta saki tsami pH ya faɗi ƙasa da 4, abin da manoman bakin kogin Mekong suka daɗe suna fama da shi.